A Ɗebe Iri Kafin a Wanke Jabiya

Wani ɗan garinmu da ya ƙetare teku ya aiko mini hoto a waya. Mazari ne baƙi mai farar fuska, ya sauka a kan ciyawa a bakin wani tafki cikin dajin ƙasar sanyi. Ya haɗa da saƙon murya yana dariya, wai ga dabbobina nan har can sun biyo shi. Na daɗe ina kallon hoton. Ba irin namu ba ne. Namu na nan hamadar Fezzan akwai ja ƙarami, akwai shuɗi babba mai faɗa, amma zaman ɗaya ne: fukafukai huɗu a shimfiɗe, idanu sun cinye rabin kai. A Tayuri, unguwar da nake zaune a nan garin Sabha, akwai waɗanda ba su san sunana Lawali ba, sai dai Mai Mazari. Amma ba kiwon ƙwari nake yi ba. Sana'ata wankin jabiya.

Na koyi rubutu da furfura a gemuna, don haka a hankali zan bi labarin, yadda nake bin aikin.

Jabiya babban wurin tara ruwa ne na siminti da ake ginawa a gona. Injin yana jawo ruwa daga rijiya mai zurfi ya zuba a ciki, daga nan a sake shi ta tiyo zuwa ga dabino da ciyawar dabbobi da albasa. Wata zurfinta iya ƙirji, wata ta shanye mutum. Idan ta daɗe ba a taɓa ta ba, gansakuka ta kama bango, iska ta zuba rairayi, laka ta taru a ƙasa har ta toshe bakin tiyo. A nan ne ake neman irina.

Samarin da ke sauka Sabha suna jiran hanyar ƙetare teku sukan same ni a bakin titin da muke tsayawa neman aiki. Da sun ji abin da nake yi sai su ce ai wannan ba sana'a ba ce, ka buɗe ruwa ya tafi, ka share, ka karɓi haƙƙinka. Ba na musu da su, domin ni ma haka na ce a ranar farko.

Aikin farko da na yi a wata gona ne a hanyar Ghuddwa, tare da Baba Illa. Mutumin Madarunfa ne, ɗan masunta, siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ni kuwa daga wani ƙauye na fito a ƙasar Tasawa, inda rijiya ce ruwanmu. Muna isa na tuɓe riga na nufi toshiyar jabiya zan cire. Ya riƙe mini hannu, ya tambaye ni inda zan je. Na ce zan saki ruwa. Ya ce in je in mirgino rabin duron da muka zo da shi a bayan mota, in ajiye shi a inuwa. Sannan ya miƙo mini farin kwano, ya ce in shiga ta kusurwa in kamfato laka daga ƙasa.

Na kamfato. Da lakar ta kwanta sai na ga wani abu yana tafiya a cikin kwanon, launinsa launin lakar, ƙafafu shida, kai mai faɗi, ciki kamar na gyare. Na watsar da kwanon gaba ɗaya. Baba Illa ya yi dariya har ya zauna a bakin siminti.

"Ɗan tudu ke nan," in ji shi. "Ka ga ma'aikaci ɗan'uwanka, ka jefar da shi ko gaisuwa babu."

Ya ce ɗan mazari ne. Uwar tana tsoma wutsiya a ruwa ta zuba ƙwai, 'ya'yan su zauna a laka tsawon watanni, ba abin da suke yi sai cin tsutsar sauro da duk wani ƙaramin abu mai motsi. Ya kamo ɗaya ya sa a kwanon tare da tsutsar sauro guda, ya ce in zuba ido. Abin ya tsaya kamar matacce. Can sai leɓensa na ƙasa ya miƙe kamar hannu, ya cafko tsutsar ya mayar baki. Ban ma ga tafiyar leɓen ba, dawowarsa na gani.

Wannan ita ce dokar farko ta aikin, Baba Illa yana kiranta ɗebe iri. Kafin ka saki ruwa, ka cika rabin duro da tsohon ruwan jabiyar da lakar kusurwoyi, da duk 'ya'yan mazarin da ka samu. Ka rufe shi da reshen dabino kada rana ta dafa su. Ka yi wankinka. Idan sabon ruwa ya shiga ya kwanta, ka mayar da su, ka jingina reshen dabino ɗaya a ciki, kansa a waje, domin ranar da ɗan mazari zai zama mazari sai ya samu abin hawa. Yana hawa, bayansa ya tsage, ya fito ya bar saɓarsa a maƙale. Idan na je jabiyar da ban sani ba, saɓar nan nake fara nema a bango. In na gan ta, na san ruwan lafiya lau yake. In babu ko ɗaya, kuma babu mazari a sama, ba na sa ƙafa sai na tambayi abin da aka zuba a ciki, domin akwai masu wanke tankin feshin maganin ƙwari a jabiya.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Felu mai shimfiɗaɗɗen baki, ba mai tsini ba, kada ya ƙwaƙule siminti. Tsintsiyar dabino mai tauri. Bokiti biyu, igiya, cokalin magini da ɗan siminti don liƙe tsaga. Ba a shiga da takalmin roba, gansakuka za ta kayar da kai, ƙeyarka ta gamu da bango. Ƙafa tsirara, yatsu a buɗe, tafiya kamar ta agwagwa. Ana fara goge bango tun ruwa yana sauka, ana bin sa ƙasa, don idan gansakuka ta bushe a rana sai ta zama kamar fata. Kuma ba a goge ƙasan har ya yi fari. Ana barin ɗan kore a kusurwa. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimtarwa ga masu gona.

Masu gona iri-iri ne. Akwai mai tsayawa a kanka yana cewa yi sauri, albasa na jin ƙishi. Akwai wanda zai nuna maka jabiya ya tafi, ba ka ƙara ganinsa sai la'asar. Akwai wanda yake so ya ga simintinsa fari kamar faranti, in ya ga ka bar kore sai ya ɗauka ha'inci ne. Irin wannan sai ka zaunar da shi ka nuna masa kwano. Wani ya yarda, wani ya ce gonarsa ce, to sai ka goge masa, amma irin da ka ɗebe ka tafi da shi wata gonar. Wadda ta fi kowa kula da mu ita ce Hajja Mabruka a Ghuddwa. Duk ranar wanki sai ta aiko da burodi da kifin gwangwani da yaji, sannan shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Mijinta ne ya fara kiran Baba Illa. Kafin ya rasu ya dasa 'ya'yan dabino layi-layi a bayan jabiyar, ƙanana ne, ko kaina ba su kai ba. Kowace safiya tana zagaya su da sandarta.

Shekarar da ta yi muni, rikici ya tashi a cikin gari, hanya ta rufe, wutar lantarki ta zama baƙuwa. Ta zo da ƙarfi, ta ɗauke, ta dawo, har injinan rijiya suka riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Gazuwal, man injin da 'yan nan ke kira nafta, ya ɓace daga kasuwa. Wanda ba ya da ruwan cika jabiya ba ya neman mai wanke ta. 'Yan ɗakinmu a Tayuri suka watse, wasu arewa, wasu gida. Ni da Baba Illa muka rage, muna cin garin rogo da abin da ya samu.

Ana tsakiyar zafi Hajja ta aiko a kira mu. Muka samu motar mai kai ciyawa ta sauke mu kusa. Ga abin da muka tarar. Injinta ya ƙone, kuma babu inda za a samu kayan gyara sai hanya ta buɗe. Allah ya sa jabiyar a cike take ranar da ya ƙone. Wannan ruwan shi ne kaɗai ya rage wa 'ya'yan dabinon. Manyan itatuwa saiwarsu ta yi nisa, za su jure. Ƙananan in suka rasa ruwa a wannan zafin sun tafi.

Amma ruwan ya zama gidan sauro. Kafin injin ya ƙone, ɗanta Miftah ya so 'ya'yansa su riƙa wanka a ciki, mu kuma ba a same mu a waya ba, sai ya ɗauko wasu sababbin zuwa biyu daga bakin titi, 'yan ƙasarmu. Sun yi aiki da gaskiyarsu. Sun goge siminti har ya yi fari, sun wanke shi da warakina, ruwan nan mai ƙarfin wari na wanke fararen kaya da muke kira jabel a gida, sun kwashe lakar sun zubar a rana. Ban ga laifinsu ba. Mu mutanen da muka taso da tsoron kurkunu da tsargiya, duk abin da ya motsa a ruwa cuta ne a wurinmu. Sun kashe duk ɗan mazarin da ke ciki suna ganin alheri suke yi. Da ruwa ya tsaya ya ɗumama, sauro ya samu gida babu mai gadi. Baba Illa ya tsoma farin kwano ya ɗago, sai ga shi baƙi da tsutsa, suna wutsil-wutsil kamar ana tafasa su.

Gidan kuwa yana daf da jabiyar. Babu wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, kowa a tsakar gida yake kwana. Miftah yana da jaririya, sauro ya cije ta har fuskarta ta kumbura, ƙafafunta duk ƙuraje, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Ya fito mana da galan na baƙin mai da ya sauke daga injin wuta. Ya ce zai zuba a kan ruwan, tsutsa ta mutu a yini ɗaya. Gaskiya ya faɗa, za ta mutu. Amma ruwan da baƙin mai ya shiga ba a ba ɗan dabino. Hajja tana zaune a kan tabarma. Jikarta ce, kuma dashen mijinta ne.

Baba Illa bai yi masa gardama ba. Ya ce in da 'yarsa ce shi ma da galan ɗin zai fito. Ya buɗe jakarsa ya ciro gidan sauronsa, wanda ya zo da shi tun daga Madarunfa, ya miƙa wa Miftah ya ce a rataya wa yarinya yau. Mutanen nan ba su saba da gidan sauro ba, sai da na shiga na nuna wa Miftah yadda ake ɗaure kusurwoyi da cusa gefe a ƙarƙashin katifa. Sannan Baba Illa ya roƙi a ba mu lokaci. Miftah ya ce ya ba mu zuwa Juma'a ta sama. In ranar kwanon nan ya fito yadda ya fito yau, zai zuba, kuma kada kowa ya yi masa magana, har da mahaifiyarsa. Hajja ta ce ta yarda.

Nawa gidan sauron muka farke muka ɗaura a kan sanda biyu, ya zama abin tace ruwa. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi, ni a wannan gefe shi a wancan, muna jan sa a saman ruwan daga bango zuwa bango, mu juye tsutsar a rairayi. Ruwan da ya ɗiga daga ragar ma a bokiti muke tare shi. Muka rufe yawancin jabiyar da rassan dabino don rana ta rage sha, muka bar gefe ɗaya a buɗe. Dabinon kuma da bokiti muke ba su ruwa, a gindi, da yamma, mu rufe da busasshiyar ciyawa. Amma tacewa ba ta ƙarar da tsutsa. Ka kwashe yau, gobe wasu sun ƙyanƙyashe, kuma waɗanda ke kusurwa suna nutsewa da sun ga inuwarka. Sai da masu gadi.

Muka ari baro, muka ɗora rabin duro, muka shiga gonakin maƙwabta. Jabiyoyi da yawa sun kusa ƙafewa, saura laka mai ɗumi a ƙasa, 'ya'yan mazari a ciki suna jiran mutuwa. Masu gonakin suka ce mu kwashe, me za su yi da laka. Da hannu muke tonowa, muna tacewa a kwano, manya daban ƙanana daban, domin in ka haɗa su a wuri ƙarami babban yana cin ƙaramin. Tura baro mai ruwa a cikin rairayi aiki ne da ban so wa kowa. Ƙafar baron ta nutse, ruwa ya yi tambal-tambal, Baba Illa yana gefe yana riƙe da bakin duron yana ce mini in tafi a hankali, ba gero na ɗauko ba.

A mararrabar hanya akwai shingen wasu samari masu bindiga. Suka tsayar da mu, suka ce me ke cikin duro. Na ce laka. Babbansu ya ce a wannan zamanin ba mai tura laka a rana haka kawai, ya sa ɗaya ya nutsa hannu ya lalube. Ya lalube har gwiwar hannu, ya ɗago, sai ga wani ƙaton ɗan mazari yana tafiya a kan yatsansa. Ya yi tsalle ya yarfe hannu, 'yan'uwansa suka fashe da dariya. Baba Illa ya durƙusa ya tsince abin daga rairayi, ya hure shi, ya mayar a ruwa. Babban ya tambaya ko ci muke yi. Baba Illa ya ce a'a, ma'aikata ne, aiki za mu kai su. Tun daga ranar in sun hango mu sai su ɗaga igiya suna cewa a ba ma'aikata hanya.

Haka muka yi ta yi. Mu kuma sauro ya samu nama, tunda gidajenmu biyu sun tafi. Fuskar Baba Illa ta yi tudu-tudu, ya ce ba komai, fatar masunci ce.

Ranar Juma'a da hantsi Miftah ya fito cikin farar riga, galan a hannunsa. Ya ajiye shi a bakin siminti. Bai bar Baba Illa ya tsoma kwanon ba, ya ce a ba shi. Ya naɗe hannun riga ya kamfata a tsakiya, ya duba, ya mayar. Ya je kusurwar da ta fi inuwa ya kamfata. Akwai tsutsa, amma 'yan kaɗan, ana iya ganin farin kwanon tas a ƙarƙashinsu. Ya zagaya ɗaya gefen, ya ɗaga reshe ya kamfata a ƙarƙashi. Nan ma haka. A jikin reshen da muka jingina akwai saɓa a jere, ya ciro ɗaya ya juya ta a tafin hannunsa, ya tambaya ko wannan ne ya mutu. Na ce a'a, rigarsa ce, mai ita yana sama. Akwai ja guda biyu suna kai da kawowa a gefen da muka bari a buɗe.

Ya miƙa wa Baba Illa kwanon. Hajja tana bakin ƙofa da jaririyar a kafaɗa, kumburin ya sauka, saura tabo.

"Ban ce ya ƙare ba," in ji Miftah.

"Bai ƙare ba," in ji Baba Illa. "Gobe ma za mu tace."

"In ya dawo zan zuba, ba zan tambayi kowa ba."

"In ya dawo ni zan riƙe maka galan ɗin."

Miftah ya ce bahi, wato to, ya ɗauki galan ya kai ɗakin ajiya, ya tafi masallaci.

Ba zan ce 'ya'yan mazari kaɗai suka yi aikin ba. Raga ta yi nata, gidan sauron yarinya ya yi nasa. Kuma ba duk dabinon suka rayu ba. Hanya ta daɗe ba ta buɗe ba, ruwa ya sauka har gwiwa, sai da aka zaɓi waɗanda za a bari. Hajja da kanta ta zagaya da sandarta ta nuna layin ƙarshe ta ce a daina ba su. Ba ta ƙara bi ta wannan gefen ba. Sauran sun kai ranar da aka gyara injin.

Bayan shekarar Baba Illa ya ce ƙafafunsa sun gaji da sanyin siminti, ya koma gida. Ya bar mini kwanon da rabin duron da sunayen masu gona a ka. Duron ƙarfe ne, ya yi tsatsa ya huje, yanzu na roba nake amfani da shi, shuɗi. Hajja ma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Dabinon sun fi ni tsawo nesa ba kusa ba, suna haihuwa, yarinyar nan ita ke kawo mana shayi yanzu.

Kwanan baya Miftah ya kira ni wanki. Bayana yana ciwo, sai na ɗauki wasu sababbin zuwa biyu daga bakin titi su taya ni, irin masu cewa ba sana'a ba ce. Muna isa, ina sauke kaya daga mota, ɗaya ya riga ya tuɓe riga ya nufi toshiya. Kafin in buɗe baki Miftah ya riƙe masa hannu. Ashe ya riga ya ajiye nasa rabin duron a inuwa, da reshen dabino a kai. Miftah ba ya jin Hausa, gaisuwa ma da ƙyar, amma wannan maganar ya riƙe ta yadda ya ji ta a bakin Baba Illa. Ya nuna wa saurayin duron, ya miƙa masa farin kwano daga kicin ɗin gidansu.

"A ɗebe iri tukuna," in ji shi.